Tanbihi Ga Malaman Tsangaya Da Masu Gida A Kan Kuɗin Cizo

 Ya ku 'yan'uwana malamai da alarammomi da masu gidaje na ƙasar Gaya da Ajingi, ina so mu yi shawara a kan wani ɗan ƙwaro wanda kowa ya san shi, amma kowa na jin kunyar ambatonsa a cikin mutane, watau kuɗin cizo, wanda mutanen yamma ke kira gazunzumi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne, na ga hanyar da jama'a suka kama ta yaƙarsa ta fi shi kansa haɗari. Mutum ya je kasuwa ya sayo kwalbar fiya-fiya ko maganin feshin gona, ya yayyafa a ɗakin da yara 20 ko 30 za su kwana, ya rufe ƙofa da taga, yana ganin ya yi musu alheri. Ni kuwa ra'ayina shi ne, zafi ya kamata ya zama makaminmu na farko, zafin rana da tafasasshen ruwa da dutsen guga, guba kuwa kada ta shiga makwancin yara sai ta hannun wanda ya san aikinta. Ga hujjojina, mai hankali ya auna.

Da fari sai mu san halin abokin gaba. Kuɗin cizo ba ya tashi sama kamar sauro, ba ya tsalle kamar ƙuma, rarrafe kaɗai yake yi. Jikinsa a shimfiɗe yake kamar an danne shi, domin haka yana shiga tsagar da ƙyar farcen mutum zai shiga. Yana wuni a ɗinkin katifa da saƙar tabarma da mahaɗin katakon gado da tsagar bango da bayan kalandar da aka kafa, in dare ya raba sai ya fito, ɗumin jikin mai barci da numfashinsa su ne ke yi masa jagora. Macensa tana yin ƙwai kaɗan kaɗan kowace rana, har ta tara ɗaruruwa a tsawon rayuwarta, tana kuwa manne su da wani abu mai danƙo yadda kaɗe tabarma ba ya zubar da su. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan da ya fito sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kuma kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. Babbansa yana iya zama watanni ba ci ba sha, shi ya sa malamin da ya rufe ɗaki ya tafi ci rani da almajiransa yake dawowa ya tarar da shi yana nan yana jira.

Likitoci ba su tabbatar yana ɗaukar wata cuta daga wani ya kai wa wani ba, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓi. Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai, ku riƙe ta. Ɓarnarsa ita ce ƙaiƙayi, da susar da ke zama gyambo, da hana barci, in ya yi yawa ainun kuma yana rage wa ƙaramin yaro jini. Wanda ya karantar da yara ya san abin da rashin barci ke yi wa hadda: kolon da ya kwana yana susa, da asuba sai ka gan shi yana gyangyaɗi a kan allonsa, kana biya masa aya tana fita ta ɗaya kunnen. Cuta ce lalle, ban raina ta ba. Amma cuta ce da ba ta kisa, fiya-fiya kuwa tana kisa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya, cewa cuta ana gusar da ita, amma ba a gusar da ita da wadda ta fi ta girma. A kan wannan ƙa'ida na gina maganata duka.

To, mene ne a cikin wannan kwalba? Mafi yawan abin da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa a tasha da kasuwannin ƙauye, wani dafi ne da ake kira dikilobos, shi ne kuma ke cikin maganin nan mai suna Sniper. Aikinsa shi ne ya kama jijiyoyin jiki ya hana su saki, kuma yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa ɗan Adam, bambancin kawai girman jiki ne. Yana shiga ta baki, yana shiga ta numfashi, yana kuma ratsa fata ko babu rauni. Alamominsa su ne dalalar miyau da gumi da hawaye, da amai da gudawa, da ƙanƙancewar baƙin ido, da sarƙewar numfashi. Yaro ƙarami shi ya fi saurin kamuwa, gama jikinsa kaɗan ne, kuma shi ne ke kwanciya fuskarsa a kan tabarmar da aka jiƙa da maganin. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan magani na gona a bainar kasuwa da kantuna cikin ƙananan kwalabe, saboda yawan rayukan da suka salwanta ta dalilinsa. Tun kafin nan, a 2015, ƙasashen Turai sun hana shigar da wakenmu ƙasarsu domin an sami wannan dafi a cikinsa fiye da kima. Ku duba fa, abin da wasu suka ƙi yarda ya taɓa abincinsu ko da ɗan kaɗan, shi muke zubawa a shimfiɗar 'ya'yan mutane.

Akwai wanda ya fi wannan muni, watau ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake ko rumbun hatsi domin kashe ƙwari. Na ji wasu suna ba da shawarar a ajiye ta a ƙarƙashin gado a rufe ɗaki. Wal'iyazu billahi! Wannan ƙwaya, da zarar laimar iska ta taɓa ta, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin, wadda ke ratsa tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma likitoci ba su da makarinta. A watan Fabrairu na 2015, a wani gari na ƙasar Kanada mai suna Fort McMurray, yara 2 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a gidansu domin kashe kuɗin cizo. A Disamba 2021 kuma, a birnin Landan, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu, alhali ba a ɗakinsu aka sa maganin ba, maƙwabciyarsu ce ta sa a nata, iskar ta hau bene ta same ta. Waɗannan ƙasashe ne masu manyan asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya a bakin ƙofa, duk da haka ba a ceto su ba. Ina ga tsangayar da ke bayan Toranke ko Gurduba da tsakar dare, wadda kafin a sami babur a kai yaro asibitin Gaya an daɗe?

La'alla wani ya ce, to ai malam, ko da haɗari, maganin yana aiki. Ni ma na ga yana zubar da su a daren farko, ban musa ba. Amma ku lura da abin da ke biyo baya. Feshi yana kashe wanda ya taɓa ne kurum, wanda ke can cikin tsaga kuwa warin yakan kore shi ya ƙara nutsawa, ko ya ƙaura ɗakin gaba. Ƙwai kuma galibi yana tsira. Bayan mako ɗaya ko biyu sai sabon ɗauki ya fito, mai gida ya ce maganin jabu ne, ya sayo wani ya ƙara ƙarfinsa. Haka za a yi ta yi, ƙwaro na nan, guba na taruwa a ɗaki.

Sa'an nan akwai wata mas'ala da tarihi ya riga ya karantar da mu. A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paul Müller ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948, duniya ta ɗauka an gama da sauro da ƙwarƙwata da kuɗin cizo. Amma tun a 1947 aka tarar da kuɗin cizon da DDT ba ya kashewa a barikin sojan ruwan Amurka da ke tsibiran Hawai. A nan ƙasarmu ma, a 1954 aka fara babban aikin feshin gidaje domin yaƙi da zazzaɓin sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, kafin shekara 2 ta cika sai ga sauron da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna diyeldirin, ba ya yi masa kome. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In an fesa wa ƙwari 1,000 magani, 990 suka mutu, 10 da suka rage su ne masu taurin rai, su ne kuma za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaje su. Alal misali na kawo wannan lissafi, amma haka al'amarin ke tafiya. A yau kuɗin cizo a ƙasashe da yawa ya saba da irin maganin da ke cikin gwangwanin feshi na kanti, shi ya sa ya sake yaɗuwa a biranen Turai da Amurka bayan an daɗe ba a jin ɗuriyarsa, har a 2023 maganarsa ta tayar da hankalin mutanen birnin Faris. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ba ciwon matalauta ba ne, ba kuma shaidar ƙazanta ba ce, jini yake nema, bai damu da na wane ne ba.

Zafi kuwa ba a saba masa. Masu bincike sun auna sun ga babban kuɗin cizo yana mutuwa in ya daɗe kamar sa'a ɗaya da rabi a zafin digiri 45, ƙwansa ya fi shi juriya, yana bukatar sa'o'i masu yawa a wannan zafi, amma in an haura digiri 55 duka biyu ba sa ɗaukar lokaci. Wanki da ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe babba da ƙarami da ƙwai gaba ɗaya. Ruwan da ya tafasa kuwa digiri 100 ne. A Turai akwai masu sana'ar zuwa da injuna su ɗumama ɗaki duka zuwa digiri 50 ko 60 su bar shi sa'o'i, aiki ne mai tsada mai cin wutar lantarki, ba namu ba ne, kuma katangar ƙasa mai kauri ba ta ɗaukar zafi da sauri. Amma mu Allah Ya ba mu abin da su suke saye da kuɗi. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, abin da aka shimfiɗa a kan daɓen siminti ko fallen kwano da tsakar rana kuwa ya wuce haka nesa. Kakanninmu da suke fitar da gadon kara su kwara masa ruwan zafi, su shanya buzu da tabarma a rana, ba su san digiri ba, amma sun dace da gaskiya.

Yanzu sai mas'alar da na san tana damun wasu daga cikinmu, gama wani alaramma ya taɓa tayar mini da ita, kuma tambaya ce ta mai tsoron Allah. Ya ce, ashe ba a hana azabtar da halitta da wuta ba? Haka ne, hadisai sun zo da hani a kan wannan, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a ƙarshen Risala wadda dukanmu muka karanta a zaure, ya ambaci karhancin kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Kuɗin cizo ɗan'uwansu ne a hukunci. Amma a lura da abu biyu. Hukuncin karhanci ne, bai kai haramci ba, kuma masu sharhi sun bayyana cewa in ƙwarin sun yi yawa sun cutar, larura tana ɗauke karhancin. Kuma abin da aka ambata wuta ce, a kama ƙwaro a jefa shi cikinta alhali da wata hanyar kashe shi. Shanya tabarma a rana ba jefawa a wuta ba ne. Ruwan zafi kuma, a fahimtata, in an kwara shi yana tafasa kashewarsa nan take ce, ya ma fi sauƙi ga ƙwaron bisa ga dafin da zai bar shi yana shure-shure. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ruwan ba, to ga rana nan, babu mai saɓani a kanta. Abin da na ƙi, ta fuskar fiƙihu da ta hankali duka, shi ne abin da wasu samari ke yi na kunna tsumma da kananzir ko fetur su bi gadon ƙarfe da harshen wuta a cikin ɗaki. Wannan ya haɗa karhanci da gobara, katifar soso kuwa in ta kama ba ta jiran a ɗebo ruwa.

In kuwa za mu yi taka-tsantsan a kan haƙƙin ƙwaro, ina ga haƙƙin yaro? Uban da ya kawo ɗansa daga Kademi ko Gafasa ya danƙa maka, amana ya ba ka, ranka da nasa za a tambaye ka. Kuma mu mutanen allo muna da wani haɗari na musamman wanda masu gidaje ba su da shi. Alluna a ɗakin kwana ake jingine su. Yaro yana shafa allo da hannu, yana lasar yatsa ya buɗe takarda, yana cin tuwo da hannun nan, wani allon ma wanke shi za a yi a ba mara lafiya ya sha. Feshin da ya sauka a kan allo ina za shi in ba ciki ba?

Kada kuma in yi muku ha'inci in ce zafi ba shi da aibi. Yana da wahala, yana cin itace da ruwa, kuma in an yi shi rabi da rabi aikin banza ne. Mafi yawan kuskure a kan katifa mai kauri yake. Wasu masu bincike a ƙasar Ostareliya sun naɗe katifa a baƙar leda suka ajiye ta a rana, sai suka tarar samanta ya yi zafi ƙwarai, ƙasanta kuwa bai kai zafin da zai kashe kome ba, ƙwarin sai su gangara can su fake. Domin haka katifar soso sai an cire rigarta an tsoma a ruwan zafi, sosan kuma a ɗora shi a kan abin da ya riga ya ɗauki zafi, a riƙa juya shi, a bi ɗinki da lungu da hannu. Tabarma da buzu da bargo, da yake ba su da kauri, rana tana ratsa su in an baza su ɗaya ɗaya, ba a jibge ba. Tufafi a zuba su kaɗan kaɗan a baƙar leda a ɗaure baki a bar su tun hantsi har la'asar, ko a tsoma a tukunya, ko a bi ɗinkinsu da dutsen guga na gawayi. Gadon katako da na ƙarfe a fitar da su waje, a kwance abin da ke kwantuwa, a kwara tafasasshen ruwa da buta a kowane mahaɗi. Wannan aikin gardawa ne, kada a bar ƙananan yara kusa da tukunya. Gafaka a zazzage ta a shanya ta ita kaɗai, takardun kuma a duba gefensu a kaɗe su a waje. Da hunturu ko damina rana ba ta isa, sai a dogara ga ruwan zafi da guga.

Gidan sauro shi kaɗai na keɓe. Kuɗin cizo yana son ɗinkinsa na sama, har wasu kan yar da shi saboda haka, wannan kuwa gudun ƙaiƙayi ne a faɗa wa zazzaɓi mai kisa. Ba a dafa shi, ba a shanya shi a rana, gama zafi yana lalata maganin da ke jikinsa. A bi ɗinkin a murtsuke abin da aka gani, a wanke da ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa.

Bango kuwa ba a fitar da shi rana, a nan ne masu son feshi suke da 'yar hujja. Amsata ita ce yaɓe. A cike kowace tsaga da ƙasa ko siminti, a shafe da farar ƙasa, a cire tsofaffin takardu da ƙusoshin da ba su da amfani, a janye shimfiɗa daga jikin bango. Ƙwaron da aka toshe masa ƙofa ba zai kai ga mai barci ba. In abin ya gagara, kamar ɗakin azara wanda ya shiga rufinsa, to a nemi ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma, duba-garin da muka sani tun zamanin En'e, ya zo da maganin da aka yarda a yi amfani da shi a cikin gida, a fitar da alluna da abinci da shimfiɗa, yara su kwana wani wuri, kada a koma sai lokacin da ya faɗa ya cika kuma ɗakin ya sha iska. Ban haramta magani ba. Abin da nake ƙi shi ne kwalbar da ba ta da suna a hannun wanda bai san awonta ba.

Tun da ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 10, yi ɗaya ba ya wadatarwa. Ga mu da hutun Alhamis, sai a mai da shi ranar fitar da kaya, a jera mako 3 ko 4 ba fashi, dukan ɗakuna rana ɗaya, in da hali har da maƙwabta, domin in ka share naka na kusa da kai bai share ba, aro kurum ka ba shi. Sabon almajiri ko wanda ya dawo daga gida ko ci rani, kayansa su wuni a rana kafin su shiga ɗaki, a yi masa haka cikin mutunci ba da gori ba. Haka kayan gwanjo da tsohuwar katifar da aka sayo a kasuwar Wudil ko ta birni.

Ina roƙon limamanmu su ambaci wannan bayan sallar Juma'a, dagatai da masu unguwanni kuma su sa ido a kan masu talla da kwalaben nan a ƙofar makarantu. In kuwa ƙaddara ta riga fata, aka ga yaro yana dalalar miyau da sarƙewar numfashi bayan an yi feshi, a fitar da shi iska nan da nan, a tuɓe masa rigar, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro domin ya yi amai, gama abin yana iya komawa huhunsa. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar a nuna wa likita, domin dafin fiya-fiya yana da allurar da ke karya shi in an isa da wuri.